Aljihun da ke Ƙasa da Gwiwa

Kowane layi mai mutunci yana da babban mutum guda da yake tinƙaho da shi. Wani layin ya fitar da alƙali, wani ya fitar da ɗan ƙwallo, akwai ma wanda ya fitar da ɓarawon da aka yi maganarsa a rediyo, kuma har yau mutanen layin ba su yanke shawarar ko kunya za su ji ko alfahari ba. Layinmu ya fi su duka, domin mu mai ƙirƙira muka fitar, mutumin da ya zauna da kansa ya ƙago abin da muke ganin duniya ba ta da shi. Matsalar kawai ita ce ba a iya nuna wa baƙo abin da ya ƙago. A cikin wando yake, ta ciki, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Tela ne. Inci ake ce masa, tun yana saurayi, saboda duk wanda ya ce masa "ai ɗan inci ɗaya ne, bar shi haka," sai ya ajiye almakashi ya dube shi kamar wanda ya zagi iyayensa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta baya da ke fita wani lungu inda bayin 'yan shaguna yake. Keken ɗinkinsa na takawa ne, baƙi, ya girmi 'ya'yansa duka. Akwai tebur na yanka, da dutsen guga, da labule a kusurwa inda ake gwada kaya. A waje kuma akwai benci, wanda ba shi ya saya ba, ba wanda ya san mai shi, amma a nan dattawan layin suke zama su gyara ƙasa da baki.

Kayan maza kawai yake ɗinkawa, kuma yana da aƙida a kan sana'arsa. A wurinsa ɗinki ba ado ba ne, rufin asiri ne. Idan ya zagaya ƙugun mutum da tef, ba ya taɓa faɗin adadin a fili. Yakan danne wurin da babban yatsa, ya riƙe a ka. Mutum zai shigo da tumbin da ya ƙaru, ya ce, "Awon nan nawa na da, yana nan dai ko?" Inci ya ce, "Yana nan daram," sannan ya ƙara abin da ya kamata a ƙara, kowa ya rabu da kowa cikin mutunci. Ya san wanda kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ya san wanda yake ramewa ba tare da ya gaya wa iyalinsa ba. Ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinsa ba.

Maƙwabcin shagonsa mai gyaran agogo ne, kuma taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Agogo muke ce masa. Allah ya ba shi hannu mai natsuwa da baki marar birki. Idan kana son magana ta kai ƙarshen layi kafin ka kai da ƙafarka, ka gaya wa Agogo, ka roƙe shi ya rufa maka asiri. Shi da Inci sun yi shekaru fiye da arba'in suna zagin juna kowace safiya, kuma ranar da ɗaya bai fito ba, ɗayan ba ya iya aiki.

Abin ya fara wa Inci a hankali, bayan ya haura sittin. Yana cikin taka keke sai ya tashi ya fita ta ƙofar baya. Ya dawo, ya zauna, bai gama hannun riga ba ya sake tashi. A bayin kuma sai ya tsaya yana jira, yana kallon bango, abin da ya matsa masa kamar zai fasa shi ya zo yana ɗiga kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Ya fito yana jin bai gama ba. Wani lokaci ragowar sai ta biyo shi har cikin wando.

Ya yi maganin abin ta hanyar da ya sani. Ya daina sa fararen kaya, ya koma baƙi da ruwan toka mai duhu, ya sanar da benci cewa farin yadi na yara ne. Ya daina shan shayin safe, ya ce ya gano shayi yana sa hannu rawa. Fitar da yake yi ta baya kuma ya ce iska yake sha, saboda ƙurar yadi.

"Iskar bayi kake sha?" in ji Agogo. "Lallai ka ci gaba. Mu talakawa ta titi muke sha."

A gida ba a yaudari kowa ba. Matarsa, wadda yake kira Uwar Yara ko da yake ƙaramin yaran ya yi gemu, ita ke wanke wandunan, kuma ita ke jin ƙarar ƙofa duk sanda ya tashi daga barci.

"Malam, ka je asibiti."

"Asibiti na marasa lafiya ne."

"To kai mene ne?"

"Tela."

Wata rana da hantsi, yana durƙushe yana auna ƙafar wandon wani ango, abin ya tsaya cak. Tun asuba yake zirga-zirga ba ko ɗigo. Ya gama awon, domin bai taɓa barin awo a tsakiya ba, ya sallami angon, ya rufe shago ya tafi gida yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a mara. Uwar Yara ta same shi a tsakar gida ya dafa bango, gumi ya jiƙa masa riga. Ba ta tambaye shi ko tela ne ko marar lafiya ba. Ta ɗauki mayafi ta tare tasi.

A asibiti wani likita, wanda a ganin Inci bai isa a ɗinka masa dogon wando ba, ya sa masa robar fitsari. Inci ya ce daga baya, lokacin da ya fara iya faɗa, a duk rayuwarsa bai taɓa jin wulaƙanci da daɗi sun zo masa tare kamar a wannan lokacin ba. Likitan ya zana masa hoto a takarda: ga mafitsara, ga wata 'yar tsoka a ƙarƙashinta da ake kira furostet, wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Idan namiji ya manyanta takan kumbura ta matse hanyar. Za a yi masa aiki a buɗe hanyar, amma sai an yi gwaje-gwaje, kuma akwai mutane da yawa a gabansa. Kafin nan zai zauna da robar, da jakar da fitsarin ke taruwa a ciki.

"Kwana nawa?"

"Watanni dai, Baba."

Sai wata nas ta zo ta yi bayanin yadda ake kula da robar. Sa'ar 'yarsa ta biyu ce, kuma tana faɗin sunayen abubuwa kai tsaye, ba kwana. Inci ya juya fuskarsa bango ya rufe ido, ya bar duniya ta yi abin da za ta yi. Nas ɗin ta ga haka sai ta juya ga Uwar Yara, ta yi mata bayanin, ta ba ta wata leda da kaya a ciki.

A tasi, Uwar Yara ta ce, "Malam, cikin kayan nan da suka ba ni akwai wani..."

"Duk abin da ya fito daga ɗakin can, kada ki ƙara kawo min maganarsa. Kin ji ko?"

"Na ji."

"In an tambaya, ciwon baya ne."

Shagon ya zauna a rufe. Jakar babba ce, mai dogon bututu, irin wadda ake ratayawa a gefen gado. Idan zai zaga sai ya riƙe ta a hannu, ko ya sa ta a leda kamar mai dawowa daga cefane. A asibiti ya ga dattawa a jere a kan benci, kowa da ledarsa a gefen ƙafa, kowa yana kallon wani wuri daban, kuma ya rantse ba za a gan shi haka a layinmu ba. Mutumin da ya rufa wa maza asiri shekara da shekaru ba zai bi titi da nasa a hannu ba. Saboda haka ya kwanta, ya juya wa ƙofa baya. Abinci ma sai an yi da gaske.

Agogo yakan zo ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya. "Ina tsohon nan? A ce masa keken ɗinkinsa ya fara neman wani mijin."

"Yana barci," in ji Uwar Yara.

"Ciwon baya ne ko lalaci? Tun muna yara haka yake, ranar aiki sai ciki ya murɗa masa."

Inci yana ji daga ɗaki, yana da amsa guda uku masu kyau, kuma babu halin fita ya faɗe su. Uwar Yara ta ce wannan ya fi robar ci masa rai.

Wata safiya yana kwance yana kallon wandonsa a jikin ƙusa, sai telan da ke cikinsa ya farka. Mece ce jaka in ba abin da ake ɓoyewa ba? Mene ne aikin aljihu? Ya aika aka ɗauko masa keken da tef da alli, ya sa aka ajiye a falo, ya tashi zaune a karo na farko ba tare da an roƙe shi ba. Ya yanka wando mai faɗi, shi da ya yi shekaru yana cewa wando mai faɗi buhu ne. Ya ɗinka masa babban aljihu ta ciki, da shafi mai kauri don kada a ga tudu, ya yi wa bututun hanya da 'yan madaukai. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Kuma ya sa aljihun a inda kowane tela mai hankali yake sa aljihu tun da aka fara ɗinki, wato a ƙugu.

Ya sa wandon ya yi ta zagaya tsakar gida yana murmushi. Zuwa la'asar jakar ba ta tara komai ba, mararsa ta ɗaure. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, aka koma asibiti. Nas ɗin nan dai ce. Ta duba wandon ciki da waje, ta yaba ɗinkin, sannan ta ce, "Baba, jakar dole ta zauna ƙasa da mara. Gangarowa fitsarin yake yi. Ka ɗora ta a sama, ta ina zai bi? Komawa ciki yake yi. Amma ai ranar nan mun ba Mama..."

"Na gane," in ji Inci. "Ƙasa da mara. Kuskuren awo ne. Ba sai an ƙara bayani ba."

Nas ta dubi Uwar Yara. Uwar Yara ta dubi silin.

Wando na biyu shi ne wanda ya shiga tarihi. Aljihun ya sauka ƙafar hagu, ta ciki, daga ƙasan gwiwa zuwa kusa da idon sawu. Ya naɗe ragowar bututun a cikin wani siririn kube da ya bi cinya. Ya ƙarfafa ƙugun da ɗinki biyu don nauyin kada ya ja wandon ƙasa, ya sa wa ƙafar dama shafi daidai da na hagu don su yi kauri ɗaya. A gefen ƙafar, can ƙasa, ya sa ɗan gajeren zif, yadda zai sunkuya a bayi ya buɗe bakin jakar ya zubar ba tare da ya kwance komai ba. Ya koyi taka keke da ƙafar dama kaɗai. Sannan ya yi wanka, ya shafa turare fiye da kima, ya buɗe shago.

"Ikon Allah," in ji Agogo, yana leƙowa da gilashin gyara a ido ɗaya. "Gawa ta tashi. Wannan kuma wane irin wando ne? Kai da wa za ku shiga?"

"Yayi ne. Kai da ka tsaya a zamanin agogon da ake murɗawa da hannu, ina za ka sani?"

Abin da Inci bai yi tsammani ba shi ne a yarda da shi. Tun da telan da ya fi kowa tsanani ya sa wando mai faɗi, samarin layin suka ɗauka wani abu ne ya zo daga waje. Suka fara kawo yadi. Wani ya lura da zif ɗin ƙafa ya tambaya, Inci ya ce na shan iska ne. Ya ce shi ma a sa masa, a ƙafa biyu. A wannan shekarar an ga lafiyayyun samari suna yawo da zif a idon sawu suna buɗewa idan rana ta yi zafi, kuma sun ce yana aiki.

Da lokacin aikin ya zo, aka sanar da benci cewa Inci ya tafi duba 'yarsa da ta haihu. 'Yar tana da ciki a lokacin, don haka ƙaryar ba ta yi nisa da gaskiya ba, gaba kawai ta sha. Aka yi aikin lafiya. Bayan 'yan kwanaki aka cire robar, ya shiga bayin asibiti, ya fito ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai. Uwar Yara ta tsorata.

"Malam, lafiya? Bai fito ba?"

"Ya fito." Ya share ido da bakin riga. "Har ƙara ya yi."

Ba nan take komai ya daidaita ba. Makonni da dama idan ya yi tari ko ya tashi da sauri sai ɗigo ya kuɓuce masa. Ya ɗinka wa kansa 'yan ƙananan matasai da ragowar yadi mai laushi, yana canzawa, har abin ya ja baya ya daina. Ya koma shan shayi. Ya koma farin yadi, ya sanar da benci cewa an sake duba maganar. Wandon tarihi kuma aka wanke, ya naɗe shi ya tura can ƙarƙashin teburin yanka, bayan tsummokara. Ya shiga ya fita, ba wanda ya sani. A ganinsa wannan shi ne ɗinki mafi kyau da ya taɓa yi.

Da a nan labarin ya tsaya da Inci ya mutu da asirinsa. Sai dai wata rana Agogo ya shigo da yadi a hammata, ya jefa a tebur. Baƙi ne.

"Kai da farin kaya kamar balbela?" in ji Inci.

"Baƙi ya fi ɗaukar datti. Ɗinka min, ban zo hira ba."

Inci ya zagaya ƙugunsa da tef, ya danne da yatsa. Ƙugun ya ragu, amma marar ta fito. Daga ranar ya fara lura. Mai shayi ya zo, Agogo ya ce a wuce da shi. Ƙofar baya ta shagon agogo tana yawan buɗuwa fiye da da. A ƙarƙashin teburin gyara akwai wata gora da jiƙon saiwoyi. Bayan wani lokaci takalmin Agogo ya fara matse shi, fuskarsa ta yi fumfum da safe, zagin safiya ma ya zama na sauke nauyi. Inci ya ji likita yana gaya wa wani a asibiti abin da kumburin ƙafa yake nufi ga mai irin wannan ciwo: fitsarin da ya rasa hanya yana komawa ya taɓa ƙoda.

Ya gwada ta gefe. A benci ya ce, "Akwai wani da nake yi wa ɗinki, daga nesa yake, ya yi fama da matsalar fitsari. Aka yi masa aiki, yanzu garau."

"Garau a bakinsa," in ji Agogo. "Wanda duk aka kwantar aka yi wa aikin nan, ko dai a fito da shi a naɗe, ko ya fito ya zama yayar matarsa. Ni na san mutum uku."

"Su wa?"

"Ba ka san su ba. Kai ma naka ai daga nesa yake."

Benci ya yi dariya, aka wuce wurin. Inci ya koma kan keke ya kasa zura zare a allura. Lissafin a fili yake. Agogo ba zai yarda da mutumin nesa ba, sai wanda ya gani da ido. Kuma gaya wa Agogo daidai yake da tara layin gaba ɗaya a yi musu jawabi, har da zif, har da samarin da suka sha iska. Ya kwana biyu yana juya abin. Ya gaya wa Uwar Yara, yana fatan ta ce ba ruwansa.

"Ɗan'uwanka ne," ta ce. "Kuma in ya mutu wa zai riƙa zaginka? Ni ba ni da lokaci."

Washegari da rana ya leƙa shagon agogo. Agogo yana zaune ya dafe mara, agogon wani a buɗe a gabansa bai taɓa shi ba.

"Zo ka gwada wandonka."

"Ajiye, na karɓa gobe."

"Zo yanzu. Akwai kuskure a awon."

Wannan kalma ba ta taɓa fita daga bakin Inci a layinmu ba, saboda haka Agogo ya taso don ya gani da idonsa. Inci ya tura ƙofar titi, ya ja labule, ya durƙusa ya jawo wandon tarihi daga bayan tsummokara. Ya juya shi ciki waje ya shimfiɗa a tebur.

"Ka san mene ne wannan?"

"Buhunka na bara."

"Nan jakar take zama. Nan bututun yake bi. Nan nake buɗewa in zubar. Watannin nan da kake zagina a kan yayi, da robar fitsari a jikina nake rama maka. Ba ciwon baya ba ne. 'Yata kuma sai bayan na dawo ta haihu. Mutumin nesa ni ne."

Agogo ya cire gilashin daga idonsa. Ya taɓa aljihun, ya ja zif ɗin sama ya mai da shi ƙasa. A iya sanin layinmu, wannan ne lokaci mafi tsawo da ya taɓa yi bai ce komai ba.

"Da zafi?"

"Sa robar, da zafi kaɗan. Bai kai wanda kake ji yanzu ba."

"Aikin fa?"

"Allura suka yi min a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Ina jin su suna hirar ƙwallo."

Agogo ya dubi labule, ya rage murya, abin da shi ma sabo ne. "To... gida fa? Ka gane ai."

Inci ya daɗe yana naɗe tef a yatsa. "Ba kamar da ba," ya ce. "Amma da ɗin ma ba kamar yadda nake ba ku labari a benci ba ne."

Dariya ta kama Agogo, ta murɗa masa mara, ya dafa tebur yana cewa wayyo, hawaye na zuba, kuma ba duka na dariyar ba ne. Da ya lafa sai ya ce, "Tsohon banza. Kai ma ashe."

"Ni ma. Ɗauko hularka."

Inci ne ya tare tasin, shi ya shiga da shi har gaban likita, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya kawo yaro makaranta. Likita ya ce an zo a makare amma ba a makara duka ba, ƙodar za ta iya farfaɗowa. Aka sa roba, aka ba shi gado.

Game da asiri kuwa, Agogo bai ba mu kunya ba. Daga kan gadon asibiti, da roba a jikinsa, ya gaya wa duk wanda ya zo dubiya, da waɗanda suka zo duba wasu. Kafin Inci ya buɗe shago washegari labarin ya riga shi zuwa benci. Ya zo ya same su a jere, ya yi sallama, ya tsaya yana jiran abin da ya yi shekara yana gudu. Aka amsa sallamar. Wani ya matsa masa wuri. Aka yi maganar tsadar man fetur.

Sai da rana ta yi sannan suka fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duba bayansa. Mai kanti yana da wani wa da ke yawan tashi da dare. Tsohon direba yana da aboki. Mai wanki yana da maƙwabci wanda, abin mamaki, shekarunsu ɗaya kuma tsayinsu ɗaya. Inci ya saurari kowa, bai tambayi sunan wan ko abokin ba, ya gaya musu ƙofar da ake shiga a asibiti da ranar da likitan yake zama. Kowa kuma kafin ya fita sai ya ce a nuna masa wandon. Tsohon direba ya juya shi a hannu ya ce, "Wallahi da a wata ƙasar ne da an sa ka a jarida." Samarin zif ne kawai suka ɗan yi fushi, su ma suka huce.

Kunya ta tashi daga kan Inci, wani abu ya maye gurbinta wanda ya fi ta wahalar zama da shi. Ya rataye wandon a bayan labule. Ya fara cewa "lokacin da na ƙago" a tsakiyar zance. Kuskuren aljihun ƙugu ma ya zama "gwajin farko." Ya zauna ya ɗinka wa Agogo nasa, da gyare-gyare: zif mai laushi, shafi mai shan gumi. Ya goge, ya naɗe a takarda, ya kai masa asibiti ranar da za a sallame shi.

Ya sami Agogo a tsaye a gefen gado cikin wandonsa na kullum, hannu biyu a sake, babu leda.

"Ina jakar?"

Agogo ya ja ƙafar wandon sama. Wata 'yar jaka ce siririya, a kwance a jikin ƙwaurinsa, an ɗaure ta da madauri biyu na roba masu laushi, ɗaya a ƙasan gwiwa, ɗaya a saman idon sawu.

"Ta yawo ce. Babbar ta barci ce. Yarinyar nan nas ita ta nuna min. Ta ce duk wanda aka sa wa roba ana ba shi. Kai ba su ba ka ba?"

Inci ya ajiye ƙunshin a kan gado, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi gida a ƙafa.

Uwar Yara tana falo tana tsintar shinkafa a tire.

"Ranar da aka sa min roba, ledar da suka ba ki. Me ke ciki?"

"Ka ce kada in ƙara kawo maka maganar."

"Yanzu na ce ki kawo."

"Sau biyu aka so gaya maka, ka toshe bakin mutane." Ta ci gaba da tsinta. "Ranar da na yi niyyar in ajiye maka a kan gado ko ka so ko ka ƙi, ranar ka aika a ɗauko keke. Na ga ka tashi zaune, ka ci abinci, kana ta faɗa da alli. Sai na ce bari in ga inda za a kai."

"Ina kayan?"

'Yar jakar tana cikin durowa, ba a ko fasa ledarta ba. Madauran jakar biyu kuwa, Inci ya fi shekara yana wucewa ta gabansu safe da yamma. Da su take ɗaure labulen falo.